Hattara da masu tallan gidan hutu na bogi a Cinque Terre

Jama'a, duk mai shirin kai iyali ko amarya hutu bakin teku a Italiya, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai 'yan damfara masu tallan gidajen haya na 'yan kwanaki a ƙauyukan Cinque Terre, a Facebook da Instagram, har tallan kan faɗo cikin gurup na WhatsApp. Gidajen da ke hotunan na gaske ne, amma ba na mai tallan ba ne, kwaso su ya yi daga shafin masu su.

Cinque Terre ƙauyuka biyar ne a gaɓar Bahar Rum, a lardin La Spezia: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. Tun 1997 UNESCO ta saka su cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙanana ne ƙwarai, maƙale a jikin duwatsu, ɗakunan kwana ba yawa, baƙi kuwa ba a magana, musamman a Yuli da Agusta. Wannan ƙarancin shi ne jarin macucin. Ka gaji da nema, ko'ina a cike ko kuma tsada, sai ga gida mai baranda yana kallon teku a rabin kuɗi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Da ka yi magana zai amsa da fara'a, ya ce yana wata ƙasa wajen aiki, ba zai iya kiran bidiyo daga gidan ba. Ya ce akwai wasu da ke jiran wurin, ka ba da kafin alƙalami yau. Wani zai ce ku bar Airbnb, manhajar kama gidajen haya, don a guje wa kuɗin kamasho, ka tura ta banki ko Western Union ko kuɗin kirifto. Wani kuma ya fi wayo: zai turo maka adireshin shafi mai kama da Airbnb sak, launi da tambari duk iri ɗaya, sai ka ƙura ido za ka ga an ƙara wata kalma a sunan. Duk kuɗin da ya bi ta nan ya tafi ke nan.

Abin da ke tona musu asiri shi ne yawancinsu ba su san wurin ba. Idan ka ga an ce gida a Corniglia, ka fito ƙofa ka taka yashin teku, ƙarya ce. Corniglia a kan dutse take, kusan mita 100 sama da ruwa, daga tashar jirgin ƙasa sai ka hau matakala fiye da 370 ko ka jira ƙaramar bas, jirgin ruwan fasinja ma ba ya tsayawa a can. Babban filin yashi a Monterosso yake. Haka in aka yi maka alƙawarin wurin ajiye mota a ƙofar gida a tsakiyar Vernazza ko Manarola, ka yi shakka, domin motar baƙo ba ta shiga tsakiyar waɗannan ƙauyuka. Jirgin ƙasan da ke tsakanin La Spezia da Levanto mutane ke hawa.

Sannan ka nemi lambar CIN, wato lambar rajistar gidan haya. Daga 1 ga Janairun 2025 dokar Italiya ta wajabta wa duk mai ba da hayar gajeren zama ya mallaki wannan lamba, ya rubuta ta a kowane talla, ya kuma manna ta a wajen ginin. Da IT take farawa, ta lardin La Spezia kuma 011 ke biyo baya. In babu, ka wuce. In akwai, ka duba ta a shafin ma'aikatar yawon buɗe ido ta Italiya ka ga ko ta dace da adireshin, don ita ma ana iya sato ta wani. Ka saka hotunan a Google Lens, manhajar binciken hoto, in suka fito da wani suna ko wani gari, magana ta ƙare.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ga mai tasowa daga Najeriya ko Nijar, asarar ba ta tsaya kan kuɗin gida ba. Bizar Shengen, wadda ake shiga Italiya da ita, na buƙatar shaidar masauki, macucin kuma zai ba ka takardar kama wuri mai kyan gani. Ka kai ta da zuciya ɗaya, ofishin jakadanci ya bincika ya tarar ta bogi ce, a hana ka biza. Yuro 90 na neman biza ba a mayarwa, ga kuɗin inshora, ga tabon da zai bi ka duk sanda ka sake nema. Kai aka cuta, kai kuma za a kalla a matsayin maƙaryaci.

Kar ka yi saurin tura hoton fasfonka, ko da mai tallan ya ce don 'yan sanda ne. Gaskiya ne masu masauki a Italiya suna kai bayanan baƙo ga 'yan sanda, amma cikin awa 24 da isowarsa ne, ba tun ba ka biya ba. Ko ta sananniyar manhaja ka kama wuri, in saƙo ya zo cewa ka sake shigar da lambar katinka ta wani adireshi ko a soke maka, kar ka taɓa. An sha kutsawa cikin asusun otal-otal ana aika wa baƙi irin wannan saƙo. Ka nemo lambar otal ɗin da kanka ka kira.

Wanda ya riga ya tura, ya kira bankinsa yanzu, kar ya bari sai gobe, ya ce a tsayar da kuɗin kuma a rufe katin. Ya adana hotunan hirar da lambar asusun da aka ba shi kafin a goge. A Italiya Polizia Postale ce ke karɓar ƙorafin damfarar intanet, a Najeriya kuma a kai wa EFCC. Ya kuma kai ƙarar tallan a inda ya gan shi, ya sanar da gurup ɗin da aka yaɗa shi.