Daga Jamus: juya bayan fiyanon ka duba tukuna

Ƙanena, bayan gaisuwa, na ga saƙonka cewa kana so ka haɗa fiyanonka da sintesaiza, wato na'urar kiɗa mai ƙirƙiro sauti da lantarki, hannu ɗaya ya kaɗa su biyun. Kafin in sayo maka waya, juya bayansu ka turo mini hoton ramukan.

Ni ma na sha ƙasa a kan wannan. Farkon zuwana na sayi wata 'yar sintesaiza mai ƙaramin ramin MIDI (hanyar da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni), milimita 3.5, irin na abin sawa a kunne. Na sayo wayar juyi, mai haɗa ƙaramin ramin da babbar wayar MIDI, na soka, shiru kamar an shuka dusa. Kwana biyu ina zagin na'urar, ashe wayar iri biyu ce, A da B. A ido kamar an tsaga kara, a ciki aka musanya layukan. Kamfanin Korg irin A yake bi, tsoffin kayan kamfanonin Arturia da Novation kuwa B, sai a 2018 aka tsaida A ta zama ƙa'ida.

Abin da ya cece ni shi ne mayar da kaya. A Tarayyar Turai, in ka saya ta intanet a hannun ɗan kasuwa, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar, ba wanda zai tambaye ka dalili. Thomann, babban kantin kayan kiɗa na nan, kwana 30 ma yake bayarwa, da garantin shekara 3. Amma in kwance ka saya a hannun mutum, kai da sa'arka.

Duk yawan kayan nan, tsohuwar wayar MIDI mai haƙora biyar na fi yarda da ita. Tun 1983 da aka haɗa sintesaiza biyu, Prophet-600 da Jupiter-6 na kamfanin Roland, a bainar jama'a take aiki. Daga ramin OUT na fiyano ka kai ramin IN na sintesaiza, in akwai na'ura ta uku ka bi ta ramin THRU mai miƙa saƙon gaba, ka sa su tasha ɗaya cikin tashoshin MIDI 16. USB kam da sharaɗi: na'urori biyu masu jiran umarni ba sa jin juna sai kwamfuta ko akwatin haɗi ya shiga tsakani.

Kuma MIDI ba ta ɗaukar sauti, umarni kawai take kaiwa, wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi. Kowace na'ura sai ka ja mata tata wayar zuwa miksa. Ramuka nawa suka rage a miksar taka?