Sawyer Squeeze: 'yar matatar ruwan da ta rage min kaya

Jama'a bari in ba ku labarin wata 'yar matatar ruwa da ƙanina ya aiko min, Sawyer Squeeze sunanta, ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, nauyinta wajen giram 85 ne. Ta fi wata shida a durowa ban waiwaye ta ba don gani nake kayan wasan yara ce.

Wahalar da na sha a zuwanmu Dutsen Kagoro na farko ce ta sa na ɗauko ta daga durowar. Manyan robobin ruwa huɗu masu lita ɗaya da rabi na cusa a jaka, kilo shida ke nan tunda kowace lita kilo ɗaya ce, ga bargo ga tocila biyu ga takalmin canji, tun ba mu kai rabi ba kafaɗa ta ɗau zafi numfashi sama-sama, abokina sai dariya yake wai Malam ko ƙaura za ka yi ne.

Da na dawo Kaduna sai na shiga kallon bidiyon mutanen nan masu taka Appalachian Trail a Amurka, hanya ce ta wajen kilomita 3,500 daga jihar Jojiya har Maine, wata biyar zuwa shida suna tafiya a ƙasa. Ƙwararrun cikinsu duk kayansu in ka cire abinci da ruwa ba ya kai kilo huɗu da rabi, kan sikelin kicin suke ɗora komai, wasu har mariƙin buroshin goge baki suke yankewa, wannan kam na ce abin ya yi yawa. Wata tsohuwa Emma Gatewood ta gama hanyar a 1955 tana da shekara 67, da takalmin kambas da jakar da ta ɗinka da hannunta, labulen banɗaki ne rumfarta. Ni da shekara talatin da 'yan kai dutse ɗaya ya nemi kayar da ni!

Wajensu na ga yadda ake aiki da matatar. Ba sa lodar ruwan yini guda, lita ɗaya ko biyu kawai, in sun iso rafi su cika roba su murɗa matatar a bakinta su matsa su sha. Na gwada da robar lemo ta hau daram. Zuwanmu na biyu a lokacin kaka na ɗebi ruwan wata ƙorama, ya fito garau ba wari, jakata kuma sakayau kamar ba ni ba. In ta fara tsiyaya a hankali akwai sirinjin da ke zuwa da ita, ka tura ruwa mai tsabta ta baya sai dattin ya fita, kar a yi kasala da wannan.

Amma fa a kula, ƙofofinta maikiron 0.1 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tana tare bakteriya irin na kwalara da taifot, ba ta tare bairos ko maganin feshin gona. Ruwan da ke kusa da gari ko mashayar shanu ni sai na tafasa ko na ɗiga maganin tsaftace ruwa na WaterGuard. Sannan su can rafi na gudu a hanya, mu nan da rani kana iya yin yini ba ka ga ɗigo ba, don haka tambayi 'yan gari ko makiyaya inda ruwa yake kafin ka rage na jakarka. Su Fulani ma ai sanda da gora da malafa ne kayansu tun ba yau ba.

Taurari huɗu cikin biyar na ba ta, ɗayan na riƙe saboda har yanzu ban ga mai sayar da ita a Kasuwar Barci ba, sai dai oda ta intanet.