Ƙamusun Oxford na Masu Koyon Turanci a Ma'aunin Kalmar "Clear"

Yawancin masu sayen ƙamusun Turanci suna gwada shi ne da wata doguwar kalma mai wuyar furtawa, idan suka same ta a ciki sai su biya kuɗi su tafi. A ganina ba nan ake gane ingancin ƙamus ba, domin doguwar kalmar likitanci ko ta falsafa galibi ma'anarta ɗaya ce, kuma kowane ƙamus zai iya bayyana ta a layi biyu. Inda aikin yake shi ne ƙananan kalmomin da ake ji kullum a ofis da banki da kotu da filin ƙwallo, waɗanda mai koyo yake zaton ya gama saninsu tun yana firamare. Shi ya sa na ɗauki kalmar "clear" na auna Oxford Advanced Learner's Dictionary da ita, bugunsa na takarda da kuma shafinsa na intanet.

Ƙamusun ba baƙo ba ne a makarantun sakandaren Najeriya, kuma asalinsa yana bayyana dalilin da ya sa aka tsara shi yadda yake. A. S. Hornby, wani malami Bature ɗan Ingila da ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, shi ne ya jagoranci haɗa shi tare da abokan aikinsa biyu, E. V. Gatenby da H. Wakefield. An fara buga shi a Tokyo a 1942, sannan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fito da shi a 1948, bugu na goma kuwa ya fito a 2020. Wato tun farko ba don Turawa aka rubuta shi ba. An yi shi ne domin wanda ya tashi da wani harshe a bakinsa, wanda matsalarsa ba ta tsaya ga sanin ma'ana ba, ta haɗa da sanin inda kalma take zama a jimla da kuma kalmomin da take tafiya da su.

Abin da ya fi burge ni a bayanin "clear" shi ne yadda aka rarraba ma'anonin sifar, kowane rukuni da ɗan gajeren kanu a samansa, ta yadda ido zai sauka kan wanda ake nema ba tare da karanta sauran ba. An fara da ma'anar da aka fi amfani da ita, wato bayanin da yake a fayyace mai sauƙin ganewa, sannan abin da babu kokwanto a kansa, sannan tunanin da bai ruɗe ba. Daga nan aka gangara zuwa abin da ake gani ko ake ji: hoton da ya fito tar, muryar da ake ji raɗau, ruwa garai-garai da ake hango gindin kwano ta cikinsa, gari da ya yi wasai babu gajimare babu hazo, fata sumul wadda babu ƙuraje, da hanyar da babu abin da ya tare ta. Bahaushe yana da kalma dabam ga kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba zai taɓa cewa ruwa yana "a fayyace" ko bayani ya yi "sumul" ba, don haka wanda ya haddace fassara guda ya manne mata zai yi ta tuntuɓe a duk shafin jarida da ya buɗe. Ƙamusun yana hana wannan tuntuɓen ta hanyar nuna cewa kalmar ta dogara da abin da take siffantawa, kuma kowace ma'ana tana tafe da jimlolin misali da jerin kalmomin da aka saba haɗa ta da su.

Can ƙasan jerin akwai ma'anoni biyu da nake ganin sun cancanci a matso da su sama saboda masu karatu irinmu. Ta farko ita ce ta kuɗi, inda "clear profit" yake nufin tsantsar ribar da ta rage bayan an cire haraji da duk abin da aka kashe. Ta biyu ita ce ta ƙidayar kwanaki. Duk wanda ya taɓa shiga rigimar haya a gaban kotu ya ji ana maganar sanarwar kwana bakwai da mai gida yake bai wa ɗan haya, kuma lauyoyi suna jaddada cewa dole kwanakin su zama "seven clear days". Ƙamusun ya ce ma'anar ita ce cikakkun kwanaki, kuma gaskiya ne, sai dai bayanin ya yi gajarta ga mai buƙata. A wurin masu shari'a ba a lissafa ranar da aka miƙa takardar, ba a kuma lissafa ranar da za a ɗauki mataki, sai kwanakin da ke tsakani kawai, kuma kuskuren kwana guda a nan yana iya rushe ƙara. Ba na ɗora wa ƙamusun masu koyo laifin rashin zama littafin doka, amma magatakarda ko mai fassara a kotu ya san cewa a wannan gaɓar yana buƙatar ƙarin madogara.

A ɓangaren aikatau ne gadon Hornby ya fi fitowa fili. Kalmar guda ce ake amfani da ita wajen kwashe kwanuka daga tebur, da sharar gona kafin damina, da biyan bashi kaf, da gyaran murya kafin jawabi, da ɗan wasan baya ya doke ƙwallo daga gaban ragarsu, da ɗan tsalle ya haye sanda bai taɓa ta ba, da kuma lokacin da cek ya kammala zagayensa tsakanin bankuna kuɗin suka zauna a asusu. Abin da ke raba su sau da yawa ƙaramar kalmar da ke biye ce, kuma ƙamusun ya rubuta waɗannan tsare-tsaren da baƙin rubutu kafin misalai. Idan aka ce kotu ta "clear" mutum "of" wani zargi, to wanke shi ta yi. Idan ma'aikaci ya "clear" wata magana "with" shugabansa, to izini ya nema kafin ya aiwatar. Idan aka "clear" jirgin sama "for" tashi, to an ba shi damar tashi ke nan. Ɗalibin da ke shirin jarabawar WAEC ko NECO, inda ake yawan gwada irin waɗannan ƙananan kalmomi, zai fi amfana da wannan shafin guda fiye da haddace kalmomi ɗari masu kwarjini.

Haka kuma ƙamusun bai bar mai koyo cikin duhu ba game da matsayin magana. Ya nuna cewa "clear off" magana ce ta yau da kullum ba ta rubutun hukuma ba, mai nufin barin wuri ko guduwa, kuma ana korar mutum da ita, alhali "clear up" tana iya nufin gyara wuri, ko warware rashin fahimta, ko washewar gari, ko warkewar ƙurji. Ya kuma nuna cewa "as clear as mud" gatse ne, mai faɗin haka yana nufin bai fahimci komai ba. Akwai ɗan akwati da ke bambanta kalmar da 'yan uwanta "obvious" da "apparent" da "evident" da "plain", wanda zai taimaki mai rubuta takardar ofis da ke son sanin wadda ta fi dacewa da rubutun hukuma.

Shafin intanet kyauta ne, kuma ya fi bugun takarda da abu guda mai muhimmanci, wato sauti. Ana iya danna alama a ji furucin Ingila, inda ba a jin harafin ƙarshe na kalmar, a kuma ji na Amurka, inda ake jinsa sarai. An kuma sanya wa ma'anoni alamar mataki bisa ma'aunin harsuna na Turai da ke tashi daga A1 zuwa C2, saboda malami ya san wadda zai fara koyarwa da wadda zai jinkirta. Matsalar shafin a ƙaramar waya ita ce an raba sifa da aikatau da bayanau da suna zuwa shafuka dabam-dabam, don haka sai mai nema ya riga ya san ajin kalmar a jimlarsa kafin ya san inda zai dosa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ɗalibi mai rauni bai sani ba. Ga kuma tallace-tallacen da ke raba bayanin, suna cin data. A bugun takarda kuwa duk azuzuwan suna jere wuri ɗaya, ido yana iya gudu daga wannan zuwa wancan.

Babban giɓin da na gani shi ne Turancin da ake yi a nan gida. Ƙamusun yana da alamar da yake sanya wa wasu kalmomin Turancin Afirka ta Yamma, amma bayaninsa na "clear" na Ingila da Amurka ne. A tashoshin motarmu idan aka ce wa direba ya "clear", ana nufin ya sauka gefen titi ya tsaya, har Hausa ta ari kalmar ta mayar da ita kiliya, wadda kowane yaron mota ya sani. Wannan ma'anar ba ta cikin jerin. Haka nan "clearance" da ɗalibin jami'a yake yi a shekarar ƙarshe, yana zagaya laburare da sashen kuɗi da ɗakin kwana yana neman sa hannu da hatimi don a tabbatar ba a bin sa komai, da kuma wadda masu yi wa ƙasa hidima suke yi duk wata kafin a biya su alawus. Mafi kusa da za a samu shi ne ma'anar izinin hukuma, wadda ta dace da aikin dillalan da ke fito da kaya daga hannun kwastan a tashoshin Apapa da Tin Can, amma ba ta kama hoton ɗalibin da ke bin ofis-ofis da fayil a hammata ba. Babban ƙamusun Oxford na tarihin kalmomi ya shigar da kalmomin Najeriya 29 a watan Janairun 2020, ciki har da "Kannywood" da "okada", to amma shigar da sabuwar kalma ya fi sauƙi a kan lura da sabuwar ma'anar da tsohuwar kalma ta samu a bakin mutane, kuma na biyun ne ke rikita mai koyo, domin yana iya rubuta ma'anar gida a jarabawar IELTS, wadda ake auna iya Turanci da ita a duniya, yana zaton kowa ya san ta.

Sai kuma abin da ba laifi ba ne, iyaka ce ta irin wannan ƙamus: da Turanci yake bayyana Turanci. An yi ƙoƙari an taƙaita kalmomin bayani cikin kusan 3,000 da aka fi amfani da su, duk da haka wanda bai kai wannan matakin ba zai buɗe shi ya rufe bai ƙaru ba. Irin wannan mai koyo gara ya fara da ƙamusun Turanci zuwa Hausa, kamar na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, sannan ya haura zuwa na Oxford idan ƙafarsa ta yi ƙarfi. Da yawa a yau suna tsallake duka biyun su nufi Google Translate, wanda ya fara karɓar Hausa a 2013. Yana da amfaninsa idan aka ba shi cikakkiyar jimla, amma aikinsa shi ne ya zaɓar wa mutum amsa, ba ya zaunar da shi ya koya masa dalilin zaɓin ba, kuma a kalma irin wannan dalilin shi ne darasin.

Ga malamin Turanci, da ɗan jarida mai fassara labarai zuwa Hausa, da ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare, ina ganin bugun takarda ya cancanci kuɗinsa, ko da kuwa zai riƙa haɗa shi da shafin intanet don jin furuci. Wanda zai saya a kasuwa ya buɗe tsakiyar littafin ya duba kafin ya biya, domin bugun jabu ya yi yawa, kuma ana gane shi da takarda mai shara-shara da tawadar da ta kwanta. A irin wannan bugun ƙananan kanun da ke raba ma'anoni sukan dusashe har su saje da sauran rubutu.