Tekken: Bloodline, dambe mai kyau, labari a gurguje

Duk wanda ya taɓa zama kan benci a gidan gem a Sabon Gari ko Zaria nan Maradi, yana jiran a miƙo masa manet, wato abin riƙewa da ake buga wasan da shi, ya san Tekken 3. Kamfanin Namco ne ya fito da shi a 1997, ya iso PlayStation a 1998, mu kuma muka yi ta bugunsa shekaru bayan duniya ta wuce wurin. Labarin wannan wasan ne Netflix ta mayar zane mai motsi a watan Ogusta na 2022, da sunan Tekken: Bloodline, kashi 6 kacal.

Jin Kazama yana zaune da mahaifiyarsa Jun, wani dodo da ake kira Ogre ya far musu, Jun ta ɓace. Yaron ya nufi wajen kakansa Heihachi Mishima, tsoho marar imani, ya horar da shi shekara 4 kafin gasar da za ta jawo dodon fili. Iyakar labarin ke nan.

Inda suka burge ni shi ne faɗan kansa. Ba su ƙirƙiro wani sabon salo ba. Shurin Hwoarang na tekwando, da yadda Xiaoyu ke duƙawa ƙasa ta kauce wa naushi, da kamun da King mai kan damisa ke yi ya maka mutum da ƙasa, duk su ne waɗanda yatsunmu suka haddace. Har tartsatsin nan da ke tashi idan duka ya shiga sun saka. Ƙanena da muka kalla tare kiran sunan kowane bugu yake kafin ya sauka, yana cewa, "Yaya, wallahi wannan shi nake kayar da kai da shi!" Ƙarya yake, amma bugun dai ya gane shi daidai.

Matsalar ita ce rabon lokaci. Kusan rabin shirin ya tafi wajen horon Jin: a doke shi, ya tashi, Heihachi ya yi masa huɗubar rashin tausayi, a sake. Na fahimci abin da ake son nunawa, wato yaro tsakanin tarbiyyar uwa mai sanyin hali da ta kaka mai zafin zuciya, kuma nan ne kawai labarin ke da nama. Amma da aka iso gasar sai aka kama gudu. Kamar ka je kallon kokowar takobi ne a ce maka an gama karawar farko da ta tsakiya a bayan fage, ga na ƙarshe ka kalla. Paul Phoenix yana nan da gashinsa a tsaye, surutunsa ya fi dambensa yawa. Nina Williams ta leƙo ta wuce. An kuma cuso Leroy Smith, wanda ɗan Tekken 7 ne, ya cinye wurin da tsofaffin 'yan wasa suka fi cancanta.

Sai inuwar nan mai kusurwa uku da ke bin kan kowane mutum, ko a rana ko a ɗaki. Da ka lura da ita, shi ke nan, idonka ba ya sake barinta.

Idan ka buga wasan, kalle shi; kowane kashi bai kai rabin awa ba, dare ɗaya ya ishe ka, kuma akwai fassarar Faransanci a ƙasan allo. Wanda bai taɓa riƙe manet ba kuwa zai yi ta tambayar wane ne wannan mai kan damisa, kuma shirin ba zai tsaya ya ba shi cikakkiyar amsa ba.