Gargaɗi: Naira 465,000 na biya don feftaid, aka aiko mini da garin albumin

Na yi makonni ina jinkirin wannan rubutu saboda kunya, amma jiya na ga mutumin da ya damfare ni da sunan sayar mini da feftaid (wato guntun furotin) ya sake sanya tallarsa a wani zauren WhatsApp na ɗaliban digiri na uku, don haka shiru ba nawa ba ne. Naira 465,000 ya ci mini, kuma fiye da rabin kuɗin rance ne daga wurin yayana.

Bincikena a kan sitatmin ne, ƙaramin furotin mai amino asid 149, wanda yake kama tagwayen furotin ɗin tubulin guda biyu ya hana su shiga ginin maikurotubul, wato siraran bututun da ke riƙe siffar ƙwayar halitta suke kuma raba kuromosom idan za ta rabu. Ina auna yawansa a samfuran sankarar mama, domin ana danganta yawaitarsa da bijirewar cutar ga magunguna irin su Taxol. Antibodin da nake aiki da shi, wato furotin ɗin da ke kama sitatmin don a gano shi, yana fitar da layi a sakamakon gwajin a wajen kilodalton 19 (ma'aunin nauyin furotin), inda ya dace, amma yana fitar da wani layin a sama, kuma malamin da ke duba aikina ya ce ba zai sa hannu ba sai na nuna wanne ne na gaskiya. Hanyar sananniya ce: a haɗa antibodin da feftaid ɗin da aka samar da shi da shi, ninki biyar zuwa goma, a bar su su kwana a sanyi, sannan a sake gwajin. Layin da ya ɓace shi ne wanda antibodin yake kamawa ta gurbin da aka nufa. Neman wannan feftaid ne ya kai ni wurin mutumin nan.

Abin da har yanzu yake yi mini yawo a ka shi ne tambayar da ya yi mini a wayarmu ta farko. Ya ce, "Dakta, ranka ya daɗe, antibodin naka na sitatmin gaba ɗaya ne, ko na wanda aka ɗora wa fosfet a Ser16 ko Ser38?" Ser16 da Ser38 gurabe ne a jikin sitatmin. Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne ake tsammanin ya san Ser38? Ni ba yaro ba ne, shekara huɗu ke nan ina ɗakin gwaje-gwaje, kuma ban taɓa tura wa baƙo ko sisi ba. Wannan tambayar ce ta sa na saki jiki. Ko digirin ban kammala ba yake kirana Dakta, na kuma ji daɗi, wannan ma sai na faɗa.

Na tura 300,000 a ranar. A'a, kafin nan ya turo mini takardar shaidar tsafta mai zanen HPLC (gwajin da ke nuna tsaftar sinadari) da lambar rukuni, na duba ta sau biyu ban ga aibu ba. Sauran 165,000 daga baya ya nema, wai kuɗin kwastan da na busasshiyar ƙanƙara. Nan ne ya kamata in farga, domin na sani sarai cewa feftaid busasshen gari ne da ke jure tafiya ba tare da ƙanƙara ba, sai ya iso ake ajiye shi a firiza a digiri 20 ƙasa da sifiri. Na sani, amma na tura, saboda na riga na zuba 300,000 kuma wa'adin gabatar da sakamako ya matso. Jimilla 465,000.

Kwalbar ta iso da tambari mai kyau. Sau uku na yi gwajin, layukan biyu suna nan daram, ko dusashewa ba su yi ba, kuma kowane zagaye yana cin samfuran marasa lafiya da na yi wata tara ina tarawa. Har na fara zargin hannuna. Wata abokiyar aikina ce ta ce mini, "Malam, ka zuba garin kansa a jel mu gani." Jel shi ne abin da ke raba furotin gwargwadon nauyi. Muka rina shi da shuɗin rinin Kumasi da ke bayyana furotin, sai ga wani ƙaton layi a kilodalton 66. Feftaid mai amino asid 15 zuwa 20 nauyinsa kusan kilodalton 2 ne, da tuni ya fice ta ƙasan jel ɗin. Abin da ke zama a 66 albumin ɗin jinin shanu ne, wanda babu firijin ɗakin gwaji da ba shi. Na manta ban faɗa ba, tun kafin kwalbar ta iso ya daina ɗaukar waya da rana. Daga baya kuma wani ɗalibi da ya sayi feftaid na wani furotin mai suna tau a wurinsa ya nuna mini takardarsa: zanen HPLC ɗinmu ɗaya ne, lamba kawai aka sauya.

Hotunan hirarmu, rasit biyu na banki da hoton jel ɗin duk suna hannuna, zan sanya su da zarar lauya ya ba ni izini. Ku sayi feftaid daga kamfanin da ya yi antibodin, ku tura masa lambar rukuni ya tabbatar, kuma kada ku biya asusun mutum. Samfura shida suka rage mini, kuma har yau ban gaya wa yayana inda 465,000 suka tafi ba.