Sharhi: Failover Cluster na Windows Server 2019 a ranar da faifai ya ƙi tashi

Sabobi biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe ayyukan ofis, muka haɗa gungu a wurin aiki, abin da ake kira Failover Cluster, a kan Windows Server 2019, dukansu suna jan faifan ajiya ɗaya daga SAN, na'urar ajiya da sabobi ke tarayya a kanta, ta hanyar iSCSI, wato haɗin da ke kai faifai ga saba ta layin sadarwa. A ranakun lafiya ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Saba ɗaya ta kwanta, ɗayar ta karɓi aiki, ma'aikata ba su ma san an yi ba. Amma ainihin gwajin wannan tsari shi ne lokacin da faifan da kansa ya faɗi.

Namu ya faɗi ne bayan wata doguwar ɗaukewar wuta da ta cinye batirin UPS. Da wuta ta dawo, Failover Cluster Manager, tagar da ake sarrafa gungun, ya nuna faifan da jar alama, duk danna Bring Online da aka yi bai motsa ba. Saƙon da ya fara fitowa a rajistar abubuwan da suka faru ta Windows shi ne Event 1069, wanda iyakarsa ya ce abu ya gaza, ba ya faɗin dalili. Sai ka duba maƙwabtansa: 1034 na nufin ba a ga faifan ba, 1038 kuwa saba ce ta rasa riƙonta a kansa, wato ikon da ta kama na zama ita kaɗai mai amfani da faifan. Wannan bambanci shi ke nuna maka ko ka bi layin iSCSI da MPIO, mai kula da hanyoyi da yawa zuwa faifai ɗaya, ko ka bi batun riƙo.

Inda na fi yaba masa shi ne umarnin Get-ClusterLog na PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows. Yana tattara bayanan kowace saba ya ajiye a C:\Windows\Cluster\Reports ɗinta, kuma a ciki gaskiyar take. Sai dai da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, yake rubutu, mu kuwa a Najeriya muna gabansa da awa ɗaya. Ka ƙara masa -UseLocalTime, ka kuma taƙaita mintunan da -TimeSpan, in ba haka ba ka nutse a dubban layuka.

A can muka gano tsohon riƙo ne na SCSI-3, ƙa'idar da saba ke kama faifai da ita, ya maƙale a kan faifan, ya hana kowace saba karɓarsa. Clear-ClusterDiskReservation ya warware shi nan take. Wallahi umarni ne mai kaifi, don haka kafin ka taɓa shi ka tabbatar babu wata saba da ke rubutu a faifan, domin sabobi biyu suna rubutu lokaci guda a kan NTFS ɗaya, wato tsarin jera fayiloli na Windows, lalacewar bayanai ce.

Haka kuma Test-Cluster, umarnin gwada lafiyar gungu, yana da amfani ƙwarai, amma gwajin ajiyarsa yana buƙatar sauke faifan daga aiki, don haka dare ko ƙarshen mako za a yi shi.

Ga wanda ya saba da PowerShell, ina ba shi shawarar wannan tsari ba tare da shakka ba. Wanda tagar Manager kawai ya sani zai sha wuya a irin wannan rana. Yanzu dai mun tsara SAN ta fara tashi ta daidaita kafin a kunna sabobin.