Gargaɗi ga masu Hilux a Sakkwato: kada a sake sayar muku da ƙwaƙwalwar motarku

Jama'a masu Hilux da sauran a-kori-kura masu fowil, musamman direbobin da ke shiga ƙauyuka da kaya, a yi hattara. Akwai wata damfara da ake yi a garin nan da sunan "ƙwaƙwalwar fowil ta ƙone", kuma kasuwarta ta fi ci idan damina ta kankama, lokacin da kowa ke son motarsa ta ja da taya huɗu a fadamun Wurno da Goronyo ko a yashin Tangaza. Ba zan kama sunan kowa ba. Yawancin masu wayarin ɗinmu guminsu suke ci, tsiraru ne ke ɓata musu suna, don haka salon damfarar zan bayyana.

Abin yana farawa ne daga fitila. Ka murɗa makunni daga H2 (jan taya biyu) zuwa H4 (jan taya huɗu), fitilar fowil a dashbod ta kama ƙiftawa ta ƙi tsayawa. Ka kai mota gareji, wani ya fito da 'yar na'ura ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ya duba waya, ya girgiza kai. "Alhaji, wagga matsala babba ce, biren-bokis na fowil ya tafi, ba ya gyaruwa." Kafin ka buɗe baki ya ce yana da mutum a Kano ko Legas mai ɗan Beljiyam, saura ɗaya tak, a tura kuɗi yau a sa shi a mota gobe. A aiko maka hoto ta WhatsApp. A kuma shimfiɗa maka sharaɗi tun da wuri: kayan wuta ba a mayarwa.

Irin waɗannan ƙananan na'urori masu araha galibi injin kaɗai suke karantawa, ba sa ma gaisawa da akwatin fowil, wato biren-bokis ɗin da ake ce wa ƙwaƙwalwa. Lambar matsalar da za a nuna maka, irin su P0420 ko P0171, maganar hayaƙin salansa ce da cakuɗin mai da iska. Babu ruwanta da tayoyin gaba. Na'urar da ke shiga lungunan Toyota sosai ita ce mai manhajar Techstream ko babbar na'ura makamanciyarta, kuma ko ita lamba take bayarwa, ba hukunci ba. Lamba na iya cewa an samu matsala a layin wuta, amma sai an bi waya da mita kafin a san ko a ina ne.

Akwatin da ake ɗora wa laifi a cikin ɗakin mota yake, a ɓoye bayan robobin gaba, ruwa da laka ba sa kai masa sai in motar ta nutse. Aikinsa ba da umarni ne kawai. Mai yin aikin ƙarfi yana can ƙarƙashin mota: ɗan injin lantarki da makanikai ke kira akcuweta, ɗaya a jikin aksil na gaba, a sababbin Hilux na 2015 zuwa sama kuma akwai wani a jikin giyar fowil, tunda an cire liba an sa makunnin murɗawa. Shi ne ke shan ƙurar hunturu, shi ke tsoma kai a kududdufi. Yana da ɗan tiyo na shaƙar iska, zafin Sakkwato ya busar da robar ta tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci 'yan ƙarafan da ke shaida wa akwatin cewa giya ta shiga. Akwatin bai ji amsa ba, sai ya bar fitila tana ƙiftawa. Wato aikinsa ma yake yi daidai, kamar maigadin da ya yi ihun ɓarawo aka kama shi da duka.

Ga kuma ƙananan abubuwa da ba sa cin kuɗi: fiyus da ya ƙone, batir mai rauni, soket da ya yi kore, wayar da ɓera ya ci a motar da ke kwana da buhunan gero. Wani lokacin ma direba ne bai bi ƙa'ida ba. L4, wato ƙaramar giyar fowil mai ƙarfi, ba ta shiga sai mota ta tsaya cak, an sa ta a N (fri), ko an taka kuloci in mai giyar hannu ce. Tayoyin da girmansu ya bambanta, ko tafiya a H4 bisa kwalta, na sa giya ta ɗaure ta ƙi fita, sai an ɗan ja baya. Motar da ta shekara tana yawo tsakanin ofis da gida ba a taɓa sa mata fowil ba, dole ta yi gardama. Shi ya sa littafin Toyota ya ce a riƙa tafiyar kilomita 16 da fowil duk wata.

To ina cutar take? Mutumin ya san duk wannan, ya ma fi ka sani. Kana barin garejin zai sauya fiyus, ko ya buɗe akcuweta ya goge tsatsa ya sa giris, aikin da bai wuce na yamma ɗaya ba. Sai ya ciro akwatinka mai lafiya, ya goge shi tas, ya yi masa rubutu da fenti mai ruwan ɗorawa irin na kayan Beljiyam, ya naɗe a leda. Bayan kwana biyu a kira ka: kaya ya iso. A ɗaura a gabanka, fitila ta tsaya, ka yi godiya har da na goron yara. Naka ka saya. In kuma an sa maka wani, to naka zai tafi wurin mai mota na gaba, kai kuma a miƙa maka wani mataccen akwati a ce shi ne tsohon.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai wasa da fitila. In gyara ya gagare shi, sai ya ja waya ya haɗa ta yadda fitilar za ta kama ta tsaya da zarar an murɗa makunni, alhali tayoyin gaba ba sa ja. A cikin gari ba za ka gane ba. Sai ka kafe a yashi da lodin albasa, rana na faɗuwa, a hanyar da yanzu babu mai son magariba ta riske shi a kanta. Wannan ya wuce cin kuɗi.

Gwajinsa ba wuya. Sa mota a H4, ka ɗan matsa gaba har fitila ta tsaya, ka kashe injin, ka ja birkin hannu, a sa dutse a tayar baya. A ɗaga tayar gaba guda ɗaya da jak, a juya ta da hannu. In fowil ya shiga da gaske za ta ɗan motsa ta cije. In ta yi ta juyawa sakaka kamar yadda take yi a H2, fitila ce kawai ke aiki.

Kafin ka bar mota a hannun kowa, sa a nuna maka akwatin, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinsa. Na Toyota lambarsa da 89533 take farawa, sauran lambobin da ke biye su ne ke bambanta na wannan mota da na waccan, kuma dole wanda za a kawo ya dace da naka. Kamannin soket ba hujja ba ne. Ka kuma karce wata alama da ƙusa a inda kai kaɗai ka sani. Sannan ka ce masa: "Maigida, kafin in biya, a gwada mini da mita cewa wuta na zuwa akwatin amma ba ta fita zuwa akcuweta." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Mafi sauƙi ma, in kana da abokin da motarsa iri ɗaya ce da taka, a aro nasa a jona na minti biyar. In fitila ta ci gaba da ƙiftawa, akwatinka ba shi da laifi.

Masu Land Cruiser a-kori-kura da tsofaffin Hilux masu liba da makullin taya mai rubutun FREE da LOCK, ku shigar fowil ɗinku aikin ƙarfe ne da hannu. Duk wanda ya ce ƙwaƙwalwa ce ta hana, ku ɗauki makullinku ku tafi.

Akwatin yana ƙonewa, ba a ce ba ya yi ba, musamman in an juya kan batir wajen jona wata mota, ko an yi walda a bodi ba a cire batir ba. In har ya tabbata, saya a shagon da ke da ƙofa, da rasit mai ɗauke da lambar kayan, da sharaɗin a ɗaura a gwada kafin a cika kuɗi. Kada a tura kuɗi a asusun da sunansa ya saɓa da na mai shagon. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana alat na banki da hirar WhatsApp da hotuna, ya fara kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA na garejin. In abin ya ƙi, akwai 'yan sanda, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da ke karɓar koke ta intanet.